Karas ɗin da Gwaggo ta ciza

Washegarin da aka kawo ni gidan miji a unguwar Poumpoumré da ke Garoua, na leƙo tsakar gida da mayafi har hanci, sai idona ya faɗa kan wani daro a gindin mangwaro. Karas ne cike da shi, amma ba irin wanda na saba gani a kasuwar Yagoua ba. Gajeru ne masu kauri, kafaɗarsu ruwan hanta, jikinsu ruwan gwaiduwa. Kowane ɗaya an gatsa wutsiyarsa. Na ce a raina, ikon Allah, gidan da aka kawo ni ɓeraye sun fi mutane yawa.

"Ba ɓera ba ne, Amarya. Ni ce."

Wata tsohuwa ce a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana tauna a hankali kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ita ce Gwaggo, yayar mahaifin mijina. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da ƙasa. Shekaru sun wuce da rasuwarta, kuma na lura an daina ambatonta ko a gidan nan. Ɗakinta ya zama wurin ajiye gawayi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ranar da ta rasu tsakar gida ta cika da mata tun kafin azahar. Mijina direban babbar mota ne, yana hanyar Kousséri, bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ni na zauna karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakinta, don babu 'ya, babu jika. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta ce ya haƙuri, ta koma gefe, ta rage murya.

"Allah sarki, ba ta bar baya ba."

"Ko ɗa ɗaya. Kamar ba a yi ta ba."

Maƙwabciyarmu, Bafulatana ce da muke katanga ɗaya, ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma da ta share hawaye cewa ta yi, "Mace mai zumunci. Rowar iri ce kawai Allah ya ɗora mata." Wata mai sayar da kayan miya a babbar kasuwa ta riƙe hannuna ta daɗe, sannan ta tambaya a kunnena ko akwai sauran karot, wato karas, a lambu. Akwai kuma wadda ta leƙa ɗakin ta ce ai da faɗi, ba laifi.

Ban ji haushin kowa ba. Abin da suka sani suka faɗa. Amma ni na san wasu abubuwa.

Lambun Gwaggo ɗan fili ne a bakin kogin Binuwai, inda ruwa ke janyewa bayan damina ya bar ƙasa mai laushi. Karas kaɗai take shukawa, kuma iri ɗaya, wanda ta gada daga mahaifiyarta. 'Yar Inna take kiransa. Irin fakiti da ake sayarwa a shaguna ba ya fure a zafin Garoua, kowace shekara sai an sake saye. 'Yar Inna kuwa tana fure, tana ba da 'ya'ya, in dai akwai mai kula da ita.

Na fara bin ta lambu ne saboda kaɗaici. Mijina yakan yi makonni a hanya. Na zo da akwati cike da littattafan soyayya, na karance su, na sake karantawa, har na haddace inda jarumi yake durƙusawa da inda jaruma take juya baya. Wata safiya Gwaggo ta tsaya a ƙofata da kwando.

"Amarya, yau wa ya mutu a littafin?"

"Ba wanda ya mutu, Gwaggo."

"To sun yi auren?"

"Saura kaɗan."

"Tun bara saura kaɗan. Taso ki riƙe mini buta, kafin mu dawo ƙila sun daidaita."

Har ta koma ga Allah Amarya take kirana, ko bayan furfura ta fara leƙo mini.

A lambu ba ta da yawan magana. Tana gauraya iri da yashi kafin ta watsa a fangali, don ƙanana ne ƙwarai, in ba haka ba sai su taru wuri ɗaya. Ta rufe da busasshiyar ciyawa. Ban ruwa safe da yamma, a hankali, kamar ana yi wa jariri wanka. Ba ta yarda da ɗanyen taki, ta ce shi ke sa karas ya fito da ƙafa biyu kamar mai shirin gudu. Idan tsiro ya yi yawa sai ta tsuguna tana cire wasu don sauran su sami wuri, kuma duk wanda ta cire sai ta ce masa, "Yi haƙuri." Na taɓa yin dariya. Ta dube ni ta ce, "Ke da aka ciro daga Yagoua, wa ya ba ki haƙuri?" Ban sake dariya ba.

Lokacin sanyi, in kafaɗun suka fara tura ƙasa suna leƙowa, sai a tuge. Daɗin 'Yar Inna ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ba ta da wannan itacen na tsakiya. Tana karyewa a baki da ƙara, ruwanta ya cika harshe, zaƙin ya zo a hankali kamar na rake da aka bari ya kwana a raɓa. Ɗanye muke cinta a bakin kogi, da ƙasa-ƙasa a jiki. A miyar gyaɗa kuwa narkewa take yi.

Cizon shi ne sirrin. Bayan an tuge, Gwaggo takan ware masu kyawun siffa, ta wanke, ta zauna ta gatsa wutsiyar kowanne. Wanda bai kai ba ta jefa kwandon ci. Wanda zaƙinsa ya sa ta lumshe ido sai ta rage masa ganye, ta kwantar da shi cikin daro, ta rufe da jiƙaƙƙen yashi ya huta. Bayan 'yan kwanaki a mayar da su ƙasa. Su ne iyaye. Su ne za su tsiro su yi dogon kara da farin fure kamar laima, a yanke in ya bushe, a murza a tafin hannu, a zuba a kwalba da toka. Abin da zai zama karas ɗin baɗi duk yana cikin daron nan.

Saboda haka duk karas ɗin da zai fita daga hannunta, na kyauta ko na kasuwa, sai ta yanke masa kai, ta zuba wa awaki kawunan. Ba kai, ba tsiro. A kan wannan suka yi faɗa da maƙwabciya, ina tsaye.

"Gwaggo, ɗaya tak mai kai nake roƙo. Ɗaya! Shekara nawa muna katanga ɗaya?"

"Ki ci ki ƙoshi, in ƙaro miki. Kai dai babu."

"Da shi za a binne ki?"

"In na ba ki, ki dasa wanda kika ga dama, ya fito salam ba daɗi, ki kai kasuwa ki ce 'Yar Inna ce. Uwata ba ta yi miki laifin komai ba."

Sun yi wata guda ba sa gaisawa. Amma kowace Juma'a kwano yana tsallake katanga cike da karas, ba kai ko ɗaya, kuma yana dawowa da kindirmo.

Shekarar da na yi ɓari, mijina yana can bakin iyaka motarsa ta lalace. Mata suka yi ta shigowa suna cewa Allah zai kawo wani. Gwaggo kuwa sai ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakina, ta kankare karas da cokali har ya yi laushi, tana ba ni a baki. Da na kasa haɗiya na fashe da kuka, sai ta ajiye cokalin ta ce, "Yi abinki. Ni ma ba wanda ya bar ni na yi nawa." Daga ranar na daina jin kunyarta irin ta suruka.

Da haƙoranta suka fara zubewa, cizon ya dawo kaina. Ni zan gatsa, ita za ta zuba wa fuskata ido.

"Yaya?"

"Da daɗi."

"Ƙarya kike. Girarki ba ta motsa ba. Jefa a kwando."

Abu ɗaya ne ba ta taɓa bar mini ba. Kowace shekara, kafin in fara cizo, takan ware waɗansu iyaye, ta gatsa da kanta ko da dasashi ne, ta naɗe su a jiƙaƙƙen buhu da kawunansu da ganyensu, ta kai tashar motocin Pitowa, wani gari kusa da Garoua, ta ba wani direban taksi. Ba saƙon baki, ba komai. Matar da ta hana maƙwabciyarta kai ɗaya! Ni da na ƙoshi da littattafai, ai nan take na gina labari. Na ba mutumin tsawo, na ba shi farar riga, na sa iyaye sun raba su a bakin kogi.

"Gwaggo, wane ne a Pitowa?"

"Auduga ce a Pitowa."

"Auduga ke cin karas?"

"Amarya, littafin nan zai kashe ki."

Mijina ne ya gaya mini daga baya, shi ma guntu-guntu ya ji. Ta taɓa aure a Pitowa tana yarinya. Ta yi yaji, ba a zo biko ba, auren ya mutu. Ba ta sake wani ba.

A shekararta ta ƙarshe ruwa ya yi mana ba-zata. Mun shuka, sai wani ruwan ƙarshen damina ya wanke fangalin. Muka sake shukawa, kwalba ta ƙare tas. Ta kife ta a gabana ta ce, "Bana in ba mu yi iri ba, shi ke nan." Allah ya taimaka, karas ya yi kyau fiye da kowace shekara. Muka tuge duka, muka zaɓi iyaye, na kasuwa ya tafi, awaki suka cinye kawuna. Ta kai buhun Pitowa tasha da kanta tana dogara sanda. Daro yana gindin mangwaro yana jiran ranar dashe, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ta tashi ba.

Ranar sadakar uku matan unguwa suka haɗa murhu a bayan gida, ni ina ƙofar ɗaki da masu gaisuwa. Da rana aka kawo dafa-duka a manyan faranti. Ban ci abin kirki ba tun rasuwar, maƙwabciya ta matsa mini. Na kai loma ɗaya baki, na tsaya.

Zaƙin da na ji ba na kwandon ci ba ne. Na san shi. Ni na zaɓe shi.

Na tashi ba takalmi na nufi gindin mangwaro. Daron yana kife, an zubar da yashin. Wata baiwar Allah da ke wanke tukunya ta ce, "Ai mun samu karas a nan an binne, duk ɓera ya taɓa. Muka yanke wurin, muka yi amfani da sauran. Kar a yi asara." Na tambayi kawunan. Ta nuna mini awaki.

Ban yi mata faɗa ba. Da me zan yi? Taimako ta zo yi. Na koma na zauna, ina jin mata suna santi. Wata ta ce tun da take ba ta taɓa cin shinkafar sadaka mai daɗin wannan ba, lallai mamaciyar tana da rabo. Suka cinye tas, har da suɗe faranti. Ina kallonsu suna cin abu ɗaya da Gwaggo ta bari a duniya, kuma a kunnena ana ta maimaita maganar nan, ba ta bar baya ba.

Maƙwabciya ce kaɗai ta gane. Ta dube ni, ta dubi farantin, ta janye hannunta. Ta ce a hankali, "Da ta ba ni ɗaya." Sai kuma ta rufe baki da mayafi.

Washegari da safe na ce wa mijina zan je Pitowa. Ya ce wurin wa. Na ce wurin auduga. Ya ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ni, ya bar ni na tafi.

Direban taksin ya gane ni. Ya sauke ni a bakin wani lungu bayan masana'antar gurzar auduga, ya nuna mini ƙofar langa-langa. A hanya zuciyata ta rabu biyu. Rabi tsoron ko an cinye, rabi kuma, ba zan ɓoye ba, ɗokin ganin mai farar riga.

Wani ɗan tsoho na tarar, gajere, da tsohuwar rigar sanyi, yana gyaran rediyo a kan tabarma. Gidan shiru. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun watse kudu, sai 'ya ɗaya da ke aure a garin take aiko masa abinci. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Poumpoumré nake.

"Na ji," ya ce. "Direba ya gaya mini. Ban san da wane suna zan shiga gidan in yi gaisuwa ba."

"Baba, saƙon da ta aiko bana, yana nan?"

Ya daɗe yana juya batir a hannunsa.

"Kin san abin da ya raba mu?"

Na ce ban sani ba.

"Daro ne. Tana gidan suna, wani mai saye ya zo, na ga karas a yashi duk a gatse, na ce wannan ai ya lalace, na ba shi a banza-banza. Ta dawo ta ga daro wayam. Ba ta zage ni ba. Mayafi kawai ta ɗauka. A shekarar sai da ta koma wurin uwarta ta roƙi iri." Ya yi ɗan murmushi. "Na ce a kan karas zan je biko? Abokaina su ji? Na ce za ta huce ta dawo. Ita ma tana can tana cewa zai zo."

"Amma tana aiko maka."

"Gori ne, 'yata. Kowace shekara ta gatsa ta aiko, don in tuna abin da na yi. Ga ragowar bakina, ci. Ni kuwa in ci. Me zan yi? Zubarwa zan yi?"

Na ce, "Baba, maƙwabciyarta ta roƙe ta kai ɗaya, ta hana, har suka yi gaba. Duk Garoua babu wanda ta taɓa ba karas mai kai. Waɗanda take aiko maka su ne iyaye. Su ne mafi zaƙi a lambun duka. Haƙoranta sun zube, ni nake ciza mata, amma naka ba ta taɓa bari na taɓa ba."

Ya ajiye batirin. Ya dubi katanga.

"Na shuka ne?"

"Na shuka ne, Baba."

"Shekara da shekaru," ya ce. "Ni kuwa ina ta ci."

A littattafaina, a nan ne jarumi yake faɗin magana mai tsawo. Shi kuwa sai ya dafa ƙasa ya tashi, ya shiga ɗaki, na ji yana jan randa. Ya fito da buhun a rungume.

"Na ci biyu. Da labari ya zo, sauran suka ƙi shiga."

Sanyin gindin randa ya riƙe su. Sun ɗan yi laushi, amma a kan kowanne ga ɗan kore yana tsirowa. Na juya wutsiyar ɗaya. Cizon bai ko huda ba, 'yar ƙujewa ce kawai ta haƙora biyu. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ya ƙi ba ni buhun. Ya ce shi zai kai. Ya sa hula, muka shiga taksi tare, ya ɗora shi a cinya har Garoua. Bai shiga gidan ba. Kai tsaye lambu muka wuce, ya tsuguna a fangalin da bai taɓa gani ba, ina haƙa rami yana sakawa. Da muka gama ya wanke hannu a kogi, ya gode mini da Fulatanci ya ce, "Useko, 'yata," ya koma tasha.

Ba duka suka kama ba, amma waɗanda suka kama sun yi fure. Na murza iri, bai kai rabin kwalba ba. Ya isa. A shekarar da ta biyo na kira maƙwabciya na zaunar da ita gaban daro, na ce ta ciza ina kallon girarta. Yanzu kwalba biyu ce, ɗaya a kowane gefen katanga. Ban sani ba ko Gwaggo za ta yafe mini wannan. Ina ganin za ta yi mita, sannan ta yi shiru.

Mijina har yanzu yana hanya. Allah bai kawo wani cikin ba. Da yamma nakan zauna a lambu ni kaɗai, in na cire tsiro sai in ji bakina ya ce yi haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a ko sau ɗaya. Ba ta da ɗan da zai yi mata.

Baban Pitowa yana raye. Tsufa ya cinye masa tunani, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta. Ba ya gane ta, ba ya gane jikokinsa, wani lokaci yakan tambayi sunan garin. Kowace shekara ina naɗe iyaye a jiƙaƙƙen buhu in kai masa da kaina. Bana da na je yana zaune a rana, idanunsa sun yi fari. Na sa masa ɗaya a hannu. Ya shafa ganyen, ya shafa kafaɗar, babban yatsansa ya gangara har ya tsaya a wurin cizon. Fuskarsa ta buɗe kamar ta saurayi.

"Ta aiko," ya ce. Ya fara lalube a kan tabarma. "Ina hulata? Ku miƙo mini takalmina. Biko zan je."